Hayaƙin Dutsen Shirwa

A zamanin da Jatau ɗan Gwanki yake sarautar Darzau, ƙasar ba ta da abin taƙama sai jan ƙarfe. Gonakinta tsakuwa ne, rijiyoyinta zartsi, amma Allah ya binne mata arzikinta a gabas da birni, cikin wani dutse mai kore-kore da mahaƙa suke fasawa a ramuka masu zurfi. Daga bakin rami ake ɗora shi a kan jakai, a ratsa birni da shi, a kai shi yamma inda tanderun narka suke. A can ake zuga shi da gawayin kirya har ya tsiyaye, a zuba shi sanda-sanda. Fatake su kai shi kudu inda ake ƙera kawunan sarakuna da shi, wasu su kai shi arewa har bayan sahara.

Baƙo yakan yi mamakin wannan wahala, ya ce me ya hana a narka shi a bakin ramin a huta? Ga abin da ya hana. Gaba da ramukan akwai kurmin kirya, gaba da kurmin akwai Dutsen Shirwa, bayan dutsen kuwa filin Tamgau ne, maƙiyan Darzau tun kaka da kakanni. A kan dutsen akwai masu tsaro da tarin itace da ɗanyen ganye. Da sun hango mayaƙa sai su cinna wuta. Da hayaƙi ya tashi sai mahaƙa su yar da dagi su sheƙa birni, Madaki ya fita da jama'arsa ya tare hanya. Saboda haka tun daga Ƙofar Gabas har zuwa dutsen ba a hura wuta, ko da ta dafa abinci ce. Mahaƙin Darzau da fura da tuwon jiya mai sanyi yake wuni. Duk hayaƙin da aka gani a gabas maganarsa ɗaya ce, kuma ko jaririn goye ya san ta. Wanda ya kafa wannan doka ba wawa ba ne. Wawayen daga baya suka zo.

Wata safiya ta rani, fada ta cika, aka shigo da wani baƙon madugu mai suna Tankari. Ya faɗi ya yi gaisuwa, sa'an nan ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Iyayen gidana na arewa suna da dawaki irin waɗanda ba a taɓa ɗaure kamarsu a ƙasar nan ba, da sulke wanda mashi ba ya huda shi. Ba sa son bayi, ba sa son zinariya, jan ƙarfe suke so. A ba ni ninkin abin da Darzau take narkawa a shekara kafin ruwan fari ya sauka, ni kuma in cika bargar Sarki har a rasa turke."

Sarki Jatau ya gyara zama. Mahaifinsa ya mutu da tabon mashin Tamgau a cinya, kuma kullum ana gaya masa rashin dawaki ne ya jawo. Ya dubi Sarkin Tama Ciwake, shugaban masu narka, ya ce, "Za a iya?"

Ciwake ya sosa ƙeya. "Zaki, dutse kam akwai. Gawayi ne babu. Kiryar yamma mun cinye ta, sai mun yi tafiya mai nisa kafin mu sami itacen kirki. Ga jakai sun gaji da zarya."

Galadima Anaruwa ya yi murmushi, ya ce, "Ranka ya daɗe, mutum ne yake kuka da yunwa alhali rumbu yana bayan ɗakinsa a cike. Ga kurmin gabas can tsaye, gatari bai taɓa shigarsa ba. A sare shi a ƙona gawayi nan take, a gina tanderu a bakin rami. Ba jaki, ba zarya."

Madaki Bagudu, tsohon sarkin yaƙin da ya yi wa Gwanki hidima tun yana saurayi, ya ɗaga kai. "Galadima, a gabas ka ce?"

"A gabas na ce."

"Wuta a gabas?"

"Kunnenka lafiya lau yake, Madaki."

Bagudu ya juya wajen Sarki. "Allah ya ba ka nasara. Gabashin birnin nan ba shi da ganuwar da ta kai ramuka, ba shi da kogi, ba shi da kwazazzabo. Sararin sama shi ne ganuwarmu. Idan aka cika shi da hayaƙin gawayi, ranar da ƙanena Barau ya kunna wuta a kan dutse, wa zai ce wannan nasa ne? Mahaifinka ya kama hannuna a kan gadon mutuwarsa ya ce in tsare masa gabas. Ni ban ce kada a sayi dawaki ba. A saye su kaɗan-kaɗan, da gawayin yamma, kamar yadda aka saba."

Madugu Tankari ya shafa gemu, ya yi magana a tausashe. "Ni baƙo ne, ba ni da baki a dokar gari. Sai dai in ce jan ƙarfe ba a Darzau kaɗai Allah ya binne shi ba. Na ga inda ake haƙarsa a duwatsun arewa, na ga wanda jiragen ruwa suke saukewa a bakin bahar, an ce ma can ƙuryar kudu akwai masu zuba shi jibgi-jibgi. In Darzau ba ta iya ba, raƙumana sun san hanya. Wataƙila ma Sarkin Tamgau yana son dawaki."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta gama aiki. Galadima ya ƙara da cewa, "Kuma wane yaƙi ake tsoro? Ba Sarkin Tamgau ne ya aiko mana da goro da farin rago kwanan nan ba? Mutumin da yake neman sulhu ne za mu zauna muna gadin sama dominsa?"

"Ragon nan ni ban ci namansa ba," in ji Bagudu.

"Haƙora ne ba ka da su, tsoho," in ji Galadima, fadawa suka kwashe da dariya.

Sarki ya ɗaga hannu. "Baba Madaki, na ji ka. Amma mahaifina dokar nan ya riƙe, kuma da ita aka soke shi. Na ɗage ta zuwa saukar ruwan fari. Sarkin Tama, ku shiga kurmi."

A faɗi gaskiya, Galadima Anaruwa ba maci amana ba ne. Da ma shi ne, da an sami wanda za a yanka a huta. Madugu ya ba shi alkyabba, ya yabi hankalinsa a gaban mutane, shi ke nan. Yawancin ƙasashen da suka lalace ba mugaye ne suka rusa su ba, masu son a ce sun fi kowa dabara ne.

Aka shiga kurmi da gatura. Ko'ina aka tara kirya aka rufe da ƙasa aka cinna wuta, tanderu suka tashi a bakin ramuka kamar gidajen gara. Mahaƙa suka yi murna, don karon farko a rayuwarsu suka ci tuwo mai zafi a wurin aiki. Matansu suka bi su da tukwane, aka kafa bukkoki, masu narka suka kwaso iyalinsu daga yamma. Wanda ya tsaya a Ƙofar Gabas ya duba, sai ya ga hayaƙi tsaye ginshiƙi-ginshiƙi, a sama ya haɗu ya zama rufi ɗaya.

Madaki ya hau dokinsa ya ratsa wannan hayaƙi har Dutsen Shirwa. Ya tarar da ƙanensa Barau, Sarkin Tsauni, shugaban masu tsaro, zaune a kan falalen dutse yana gasa ƙadangaren da ba wanda ya san dalilin gasa shi.

"Kai kuma fa?" in ji Bagudu.

"Yaya, kowa yana hura wuta, ni kaɗai zan zauna? Ina gwadawa ne in ga ko wani zai zo ya tambaye ni. Kai ne na farko, kai ma ba hayaƙin ne ya kawo ka ba."

"Bar wasa, Barau. In Tamgawa suka zo, yaya za ka yi?"

Barau ya ajiye tsinken. Mutum ne mai barkwanci, amma ranar fuskarsa ba annuri. "Na gwada duk abin da na sani. Na sa ɗanyen ganye, farin hayaƙi ya tashi, irin na masu gawayi sak. Na sa tsohuwar fata da man kaɗe, ya yi baƙi, kafin ya wuce kurmi ya narke cikin nasu. Na tura mutum Ƙofar Gabas ya tsaya ya duba, ya dawo ya ce dutsen ma bai gani ba, balle hayaƙinsa. Kalangu ba ya kaiwa, ƙaho ba ya kaiwa. Ka ba ni mahaya masu gudu in ajiye a gindin dutse."

"Zan roƙa."

"Ka roƙa? Madakin Darzau ne yake roƙon doki?"

"Mutanena duk Sarki ya tura su sara. Dawakinsu suna jan gungume."

Barau ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "To, Yaya, ni dai aikina kunna wuta ne. Zan kunna. Gani kuma naku ne."

Bagudu ya koma birni ya nemi a zauna. A ranar ne kuma aka kawo labarin cewa shirwoyin da suke sheƙa a dutsen tun zamanin kakanni sun tashi sun bar shi. Aka kira mai duba na fada, ya zana ƙasa, ya dubi fuskar Sarki kafin ya dubi zanen, ya ce shirwa ɓarauniya ce, tashinta alama ce ɓarayi za su bar ƙasa. Aka ba shi riga. Ba wanda ya ce hayaƙi ne ya kore su, don gaskiyar da ba ta da ado ba a ba mai ita riga.

Madaki ya ce, "Allah ya taimaki Sarki. Na je dutse na gani da idona. Mun makance. Abu biyu nake nema, a ba ni ɗaya. Ko a kashe wutar gabas, ko a mayar mini da mayaƙana da dawakinsu in jera su daga dutse zuwa ƙofa."

"In aka janye masu sara, ba za mu cika alkawari ba," in ji Ciwake, kansa a sunkuye. "Saura kaɗan, Madaki. Wallahi saura kaɗan."

Galadima ya matsa kusa da karaga, ya sassauta murya yadda kowa zai ji. "Zaki, a tambayi Madaki, mene ne yake tsoro haka? Tamgawa, ko sababbin dawaki? Don ya san ranar da suka iso, samari ne za su hau su, kuma samari ba sa bin tsohon da ya kasa kare mahaifinka."

Bagudu ya miƙe tsaye, abin da ba a yi a gaban Sarki. Dogarai suka yunƙura. Ya buɗe rigarsa ya nuna ƙirji. "Anaruwa, ranar da aka soki Gwanki, wannan tabon na samu ina ɗauke da shi a kafaɗa. Kai a ranar kana cikin birni kana gadin rumbu. Faɗa wa Sarki ƙarya nake yi."

"Ya isa!" in ji Sarki. Ransa ya ɓaci, kuma ya fi jin haushin wanda ya ɗaga murya a kan wanda ya yi ƙazafi, kamar yadda masu mulki suka saba. "Madaki, ka tsufa, ka koma ganin maƙiyi a kowane kututture. Tunda gabas kake so, je ka zauna a Ƙofar Gabas da dattawan gidanka ka yi ta kallo. Kada ka sake shigo mini fada sai na kira ka."

Haka aka yi. Sarkin yaƙin Darzau ya koma zaman bakin ƙofa da tsofaffin barade 'yan kaɗan, yana kallon hayaƙi daga safe zuwa yamma har idanunsa suka yi ja. Masu wucewa suna ce masa Sarkin Kallo. Madugu Tankari kuwa ya yi sallama, ya ce zai je ya taro dawakin a hanya, a tara masa sandunan a bakin rami don lodi ya yi sauƙi. Aka tara, tsibi guda kamar rumbu, yana ƙyalli.

Ranar da abin ya faru, hantsi ya dubi ludayi, iska ba ta motsi. Bagudu yana zaune sai ya ga kamar wani ginshiƙin hayaƙi can nesa ya fi sauran kauri. Ya ce da wani barde da ke kusa da shi, "Duba can. Na dutse ne?"

Mutumin ya kare ido da hannu. "Ranka ya daɗe, ina jin na masu gawayi ne. Jiya ma haka ya yi."

"Wancan fa, mai duhu?"

"Tanderun Ciwake ne. Ko kuwa... wallahi ban sani ba."

Bagudu ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. In ya sa aka buga tambarin yaƙi kuma ya zama gawayi ne, Galadima ya sami abin da yake nema. In ya yi shiru kuma ya zama Barau ne, ya ci amanar Gwanki. Mutumin da bai taɓa jinkiri a fagen fama ba ya tsaya yana auna hayaƙi da hayaƙi kamar mai zaɓen tsakuwa a shinkafa. Daga ƙarshe ya ce, "Buga! In ƙarya ne su tuɓe ni."

Tambari bai daɗe da tashi ba sai ga jaki ya fito daga cikin hayaƙin a guje, ba kaya, kibiya a gindinsa. Bayansa mata da kururuwa.

Bagudu ya fita da waɗanda yake da su. Kafin ya kai ramuka an gama. Tamgawa sun ratso ta inda kurmi yake a da, yanzu fili fetal, ba ƙaya ba reshe da zai tsayar da doki. Mayaƙan Darzau da ke sara gatari kawai ke hannunsu, garkuwoyinsu suna birni, aka bi su ɗaya-ɗaya a cikin kututture. Mahaƙan da ke ƙarƙashin ƙasa ba su ji komai ba sai da aka janye igiyoyin da suke hawa da su. Masu narka kuwa ba a taɓa ko ɗaya da makami ba. An ɗaure su wuya da wuya, Ciwake a gaba, da zugazugansu da matansu da 'ya'yansu, don Tamgau ma tana da koren dutse a ƙasarta, mutanen da suka san narka shi ne ba ta da su. Tsibin jan ƙarfe an riga an ɗora a raƙuma.

Tsofaffin Madaki suka afka wa 'yan bayan rundunar, suka yi abin da tsofaffi za su iya. Suka kashe wasu, aka kashe musu wasu, suka ƙwato mata kaɗan. A tsakiyar ƙura Bagudu ya hangi wani mahayi cikin sulke a kan wani ingarma irin wanda ba a taɓa ɗaure kamarsa a Darzau ba. Mahayin ya sassauta rawani, ya ɗaga masa hannu kamar mai gaisuwa a kasuwa. Tankari ne. Sa'an nan ya juya ya bi jama'arsa.

Madaki bai koma birni ba. Ya bar mutanensa suna zura igiya a ramuka, shi ya wuce dutse. A can ya tarar da tarin itacen tsaro ya zama toka. Bukkokin masu tsaro ma sun zama toka, kuma ba Tamgawa ne suka ƙone su ba, don an tsinke jinkansu an jawo su kan wutar ɗaya bayan ɗaya. Akwai ragowar tabarmi, da sirdi, da salkar ruwa. Barau yana kwance a gefen tokar, ba riga a jikinsa, mashi a haƙarƙarinsa. Rigar tana cikin wuta, saura hannu ɗaya da bai ƙone ba. Bagudu ya durƙusa ya rufe masa ido, ya zaro hannun rigar ya sa a aljihu.

Da la'asar ya shiga fada ba tare da an kira shi ba, ba kuma dogarin da ya tare shi. Ya tarar Galadima yana magana. "Ranka ya daɗe, laifin masu tsaro ne. Da Sarkin Tsauni ya kunna wuta a kan kari, da ba a kai ga haka ba. Barci ya yi, ko kuwa an saye shi. A bincika gidansu."

Bagudu ya taka har gaban karaga. Ya ajiye ƙonannen hannun riga a kan buzun da Sarki yake taka ƙafa.

"Mene ne wannan?" in ji Sarki.

"Saƙon Sarkin Tsauni ne, Allah ya ba ka nasara. Tun da safe ya aiko shi. Itace ya ƙare, ya sa ɗakinsa. Ɗaki ya ƙare, ya sa rigarsa. Hanyar da yake aikowa ta cika, shi ya sa na kawo maka da hannu." Ya juya ya dubi Galadima. "Dawakinka ma sun iso, Anaruwa. Na gan su. Madugu bai yi ƙarya ba, masu kyau ne."

Galadima ya buɗe baki, Sarki ya ce, "Fitar da shi." Dogarai suka kama alkyabbar da madugu ya ba shi, suka ja shi da ita har waje.

Sarki Jatau ya dubi tsumman da ke gabansa. Da ya yi magana, muryarsa ta yaro ce. "Baba, na mayar da doka. A yi shela yanzu, daga yau duk wanda ya hura wuta a gabas a sare kansa. A kashe tanderun nan duka."

"Ba sai an yi shela ba, ranka ya daɗe," in ji Madaki. "Zo ka gani."

Suka hau soron fada. Gabas ta yi tas, ba ɗigon hayaƙi, tanderun sun mutu don kansu tunda ba mai zuga su. Ana hango Dutsen Shirwa sarai kamar a miƙa hannu a taɓa, ana hango kututturan kurmi, ana hango bakin ramuka. Sarki ya juya yamma, inda tun yana yaro bai taɓa ganin sama ba hayaƙin narka ba. Can ma tas.

"Yanzu in aka kunna za mu gani," in ji Sarki a hankali.

"Za mu gani," in ji Bagudu. "Sai ka nemo wanda zai kunna, ka kuma nemo abin da za a tsare."